Surukina da Wasiƙun Gada

Ranar Talata bayan la'asar muka binne surukina, mahaifin mai ɗakina, wanda duk ƙauyenmu ke kira Baba. Ga Allah muka fito, kuma can ya riga mu komawa. Na yi niyyar in zauna kwana ukun makoki kamar kowa, amma zama ya gagare ni. In na zauna a tabarma sai in miƙe in leƙa randa, in dawo in jera takalman baƙi, in fita bakin hanya ban san abin da nake dubawa ba. Inna, matarsa, ta aiko mai ɗakina ta gaya mini in bar zirga-zirga haka. Ta ce ta yi rayuwarta duka da mutum ɗaya da ba ya iya zama wuri guda, kada in gaje shi tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Rana ta biyu motoci suka fara shigowa daga Kaduna da Kano, har da Legas. Wani direban tanka da rabonsa da gida an daɗe ya durƙusa gaban dattawa, bai iya gama gaisuwa ba, sai ya zaro wani tsohon zare daga aljihu ya riƙe yana kallo. Wani tsohon soja ya ce a barikinsu har mutanen da ba su taɓa jin sunan garinmu ba kan taru in wasiƙar Baba ta iso, a karanta, a fassara musu. Baffa, ƙanen Baba, ya zauna can ƙarshen tabarma yana amsa gaisuwa da ka. Sau ɗaya na ji ya yi doguwar magana. Ya ce yayansa ya gajiyar da shi shekara da shekaru, kuma bai san yadda zai yi da wannan hutun ba. Shi kuwa ɗan Gwaggo, wato ɗan yayar Baba, shi ya haƙa kabarin. Samari sun yi ta miƙa hannu ya ba su diga su karɓe shi, ya ƙi.

Baƙin da suka zo sun san wasiƙun, ba su san yadda aka yi su ba. Ni na sani, don ni na buga su duka. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani tun ban fara mantawa ba.

Ƙauyenmu yana ciki kaɗan daga hanyar da ta haɗa Sheme da Faskari, kuma tsakaninmu da hanyar akwai rafi. Da rani yaro ma tsallake shi yake yi. Da damina kuwa in ya kawo, sai a yi kwana biyar babu shiga babu fita. Mara lafiya ya jira, mai kai hatsi kasuwa ya jira, wanda ya je cin kasuwa ya kwana a ƙetare yana hango hayaƙin gidansa. A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, an shimfiɗa kwalta a manyan hanyoyi, samarinmu suka watse zuwa masaƙu da kamfanonin gine-gine, suna dawowa da salla da rediyo da agogo da babur. Rafinmu dai bai shiga takardar kowa ba. Dattawa sun je Funtuwa neman a yi mana gada har suka gaji da zuwa. Baba ne ya ce tunda kuɗin sun bi yaranmu birni, a bi su da takarda.

Ya yi malamin auduga a ƙuruciyarsa, ya zauna Ƙanƙara, ya zauna Sabuwa, yana da ajami yana da boko. Ni a lokacin ina hedimasta, kuma ni kaɗai ke da keken rubutu a garin. Nan matsalar take, don tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa zama da shi a ɗaki ɗaya ba. Sai ya samo dabara. Ni ina cikin ofis da kekena, shi yana waje yana kai da komo a bakin taga, hannuwansa a baya, yana faɗa ina bugawa. Malam yake kirana, kuma ko ruwa bai taɓa sha a wurina ba.

Wasiƙar farko ta yi albarka. Aka sayi duwatsu, aka ɗauko magini daga Mabai. Da lokacin ta biyu ya yi, Baffa, wanda shi ne shugaban kwamitin gada, ya ce a sake kwanan wata kawai a tura waccan, tunda rafin bai sake ba, buƙatar ma ba ta sake ba. Aka yi haka. Shiru. Da salla wani daga cikin ma'aikatan masaƙa ya zo gida, aka tambaye shi ko takarda ta same su. Ya ce ta samu, amma da ya karanta layin farko ya san sauran, sai ya ninke ta ya sa ƙarƙashin ƙafar teburinsa mai girgiɗi. Da wasa ya faɗa. Baba bai yi dariya ba.

Tun daga ranar ba mu ƙara maimaita wasiƙa ba. Sau biyu ake turawa a shekara, ɗaya tsakiyar damina, ɗaya bayan kaka, kuma kowace sai ta zo da sabuwar fuska. In na buga jimla na karanta masa ta taga, sai ya tsaya cak ya ce, "Wanga mun hwaɗe shi bara. Goge." Wani lokaci ma ba bara ba ne, shekara uku ne baya, amma yana tune. Ya hana a fara wasiƙa da roƙo. Ya hana a ce "kamar yadda kuka sani", ya ce in sun sani me ya sa za mu ɓata kan sarki.

Mako biyu kafin kowace wasiƙa ba a samunsa a gida. Yana bin gidaje yana tambayar tsofaffi me suke so a gaya wa yaransu. Yana zuwa bakin rafi ranar kasuwa ya tsaya yana kallon masu ƙetarewa. Wata shekara wasiƙar duka sunayen waɗanda ruwa ya tsare ne a ƙetare ranar wata Juma'a, da abin da kowa ke ɗauke da shi: wane da gishiri, wance da maganin jikanta, wane da ragon sunan da aka yi babu shi. Ƙarƙashinsu layi ɗaya kawai, cewa ginshiƙi na biyu yana jiran siminti. Wata shekara ya shiga rafin da kansa bayan ruwa ya ja, ya auna inda ya kai a jikin ginshiƙi, ya yanka zare daidai tsawon, ya sa ɗaya a kowane ambulan. Ya rubuta cewa kowa ya taka bakin zaren da ƙafa ya ɗaga ɗaya bakin, ya ga inda ruwan zai kai masa. Direban tankar nan ya ce shi har goshi ya kai masa. Wata shekarar kuma iyaye mata ya sa suka dangwala yatsa a tawada, kowace a ƙasan takardar ɗanta, ba tare da ko kalma ɗaya ta ƙari ba.

Bai yarda a tura wa kowa iri ɗaya ba. Ta soja daban, ta ɗan kasuwa daban. Akwai wani da ya bar gari da fushi saboda rabon gona. Shi Baba bai taɓa roƙonsa komai ba, labarin gari kawai yake tura masa, har shekara ta uku mutumin ya aiko da rodi mota guda.

Inna ta sha faɗa masa cewa gonarsa ta fi ta kowa ciyawa a damina. In ta kawo abinci sai ya ci loma biyu a tsaye, ya ce wata magana ta faɗo masa, ya fita. Ta ce ko a salla, da ya sallame za ka ga leɓensa na motsi, kuma ba ta da tabbacin duka tasbihi ne.

A shekara ta biyar abin ya ƙare masa. Siminti ya yi wuya a ko'ina, ginshiƙai biyu suna tsaye ba abin da ya ƙaru a kansu, kuma duk abin da za a ce game da rafi an ce. Safiya uku a jere yana zuwa bakin taga, ya yi ta kai da komo har ɗalibai su fita hutun ƙarfe tara, ya tafi ban buga ko harafi ba. Ya rame a 'yan kwanakin. A rana ta huɗu Gwaggo, yayarsa, ta zame a bakin rafi tana dawowa daga gona. Ruwan bai wuce gwiwa ba. Zanenta ya jiƙe, wani makiyayi ya miƙa mata sanda ta tashi. Mai ɗakina ce ta shanya mata zanen, suna ta dariya.

Washegari Baba ya zo da sauri. Ya fara faɗa tun bai gama amsa gaisuwata ba. Ya ce ruwa ya ɗauke Gwaggo, ya tafi da ita har gindin ginshiƙi, makiyaya suka tsamo ta ba ta san inda take ba, kuma har lokacin rubuta wannan takarda tana kwance. Na ɗaga yatsuna daga keken. Na san ba haka aka yi ba. Ya kamata in ce masa wani abu, amma ban taɓa yi masa musu ba, ban san ta inda ake farawa ba. Daga wajen taga ya ce, "Buga, Malam." Na buga.

Ina jin ya ɗauka tunda 'yar'uwarsa ce, abin zai tsaya cikin gida. Abin da bai tuna ba shi ne ɗanta na cikin masu samun wasiƙar. Yana aiki a wata masaƙa a Kaduna. Ana miƙa masa takardar ya karanta, ya fita daga wurin aiki bai nemi izinin kowa ba, ya hau mota. Ya iso ya tarar da uwarsa a tsakar gida tana tsinkar rama. Da yammacin ranar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo, ya tsare shi kwana shida. Da ya koma Kaduna an riga an ba wani gurbinsa. Bayan wata guda ya dawo gida da matarsa da yara biyu da akwati.

Bai yi faɗa ba. Ya je zauren Baba ya gaishe shi yadda ya kamata, ya ajiye wasiƙar a bakin tabarma ya ce, "Kawu, ga takardarka." Ya tashi ya fita. Gwaggo ce ta yi faɗan. Ta tsaya a tsakar gidan ƙanenta ta ce ya kwantar da ita a takarda tana tafiya da ƙafafunta, ya kashe wa ɗanta abinci saboda siminti, kuma kada ya ƙara sa sunanta a bakinsa.

Baba ya ce zai rubuta wa kowa gaskiya. Nan suka saɓa da Baffa, kuma a bakin tagata aka yi gardamar, ina ciki ina ji. Baffa ya ce wasiƙar ta kawo abin da ba a taɓa samu ba, siminti na hanya, kuma waɗanda ke Legas ba za su taɓa sanin zurfin ruwan da Gwaggo ta faɗa ba. Ya ce a nema wa yaron wani aiki a rufe maganar.

Baba ya ce, "Sun aiko don sun yarda da ni."

Baffa ya ce, "In ka gaya masu, ba su ƙara yarda da kai. Gadar ta mutu. Kai ka yi ƙaryar, mi ya sa gari duka za shi biya?"

Baba ya yi ta kai da komo, ina jin takun takalminsa. Sannan ya ce ba zai iya taka gadar da ya san da abin da aka zuba ta ba, kuma in an ƙi buga masa zai rubuta da hannu. Baffa ya ce to ya nemi wani shugaban kwamiti. Wata takwas ba su ci abinci tare ba.

Wasiƙar faɗin gaskiyar nan ita ce mafi gajarta da na taɓa buga masa, kuma ita kaɗai ce bai ce in goge komai a cikinta ba. Ya ce abin da ya rubuta game da yayarsa ba gaskiya ba ne, zamewa ta yi a ruwa iya gwiwa, ya ƙara gishiri don maganar kirki ta ƙare masa. Ya ce saboda haka ɗanta ya rasa aiki. Ya ce duk wanda ya aiko saboda waccan takarda, in yana son abinsa ya faɗa a mayar masa.

Baffa bai yi kuskure ba. Wasu sun nemi a mayar musu, aka mayar. Wasiƙa biyu da suka biyo baya kusan babu amsa. Wani ma ya aiko ƙanensa ya zo ya duba ko ginshiƙan da ake faɗa suna nan da gaske. Baba da kansa ya kai shi, ya tsaya yana kallo yaron na taɓa su da hannu. Mutanen gari da ruwa ya tsare a daminar da ta biyo sun yi ta maganganu, kuma ba a bayan idonsa ba.

Baba ya tafi Kaduna, shi da bai son birni. Kwana uku yana zaune a ƙofar masaƙar nan yana neman ganin wani babba. Da ya samu ganinsa aka saurare shi da mutunci, aka ce masa ba gurbi. Ya dawo ya kira ɗan Gwaggo gaban dattawa biyu ya ba shi fadamarsa, wadda ita ce mafi kyau cikin gonakinsa, inda yake rake da albasa. Inna ta yi kuka a ɗaki, amma ba ta hana ba. Ɗan Gwaggo ya karɓa bai ce na gode ba. Shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su. Sai wata shekara, da ciwon ƙafa ya hana Baba fita kwana biyu, aka ga ɗan Gwaggo da yaransa suna nome masa gonar dawa. Ba wanda ya ce musu, kuma ba a taɓa tada maganar ba.

Bayan wannan Baba ya kafa wata ƙa'ida. Kowace wasiƙa, kafin a kai ta gidan waya, sai ya tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a ya karanta ta a bainar jama'a, duk wanda aka ambata in an ƙara masa ko an rage ya yi magana. Mutane kuwa suka riƙa yi. Wani tsoho ya hana a tura wata wasiƙa sai an cire inda aka ce jakinsa ramamme ne. Wata mata ta aiko a ce ba kuka ta yi a bakin rafi ba, hayaƙi ne ya shiga idonta. Baba yana fushi, yana gyarawa. Daga nan kuma labari ya daina ƙare masa, don mutane ke kawo masa da kansu. A hankali amsa ta dawo. Baffa ma ya dawo kwamiti, ya ce don kada a cuci magini ne.

An zuba gadar kafin kuɗin mai su fara ja da baya. Siririya ce, mota ɗaya take ɗauka, in biyu suka haɗu sai ɗaya ta jira. Na zaci Baba zai huta. Kullum da safe sai ya je ya bi ta da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi yana neman tsaga. Ya sa na buga wa kowa wasiƙar godiya, kowa da tasa. Bai gama ba ya fara tambayar tsofaffi ko ba su ga garin na buƙatar ɗakin shan magani ba.

Ciwon ajalinsa mako uku ya yi. Ana saura kwana huɗu ya aiko a kira ni da hantsi, ya ce in zo da kofen wasiƙun, don kowace na ajiye kofenta na kabon. Ranar na fara shiga ɗakinsa. Na tsaya a bakin ƙofa, ya nuna mini gefen gado ya ce, "Zamna nan." Yana kwance, amma yatsun ƙafarsa ba su daina motsi a ƙarƙashin mayafi ba. Ya ce in karanta masa daga farko.

Na yi ta karantawa. Wani wuri ya yi murmushi, wani wuri ya ce da ya sani da ya fara da layi na uku. Da na iso ta Gwaggo sai na haɗa ta da ta gaba na juya su tare. Idonsa a rufe yake. Ban kai ƙarshen gaisuwar wadda ke biye ba ya ce, "Ka tsallake ɗaya."

Na ce masa ta yi dishi-dishi, ba ta karantuwa. Ya ce in karanta abin da ya fito. Na koma na karanta ta duka, har inda aka ce tana kwance. Daga waje ina jin muryar Inna tana korar kaji.

Ya ce, "Ni na hwaɗa, amma hannunka na ara. Na roƙi kowa gafara ban da kai. Ka yahe mani."

Na ce masa ni ma da laifina, don na san ba gaskiya ba ce tun kafin in buga, kuma shekarun nan duka ban iya gaya masa ba.

Ya ce, "Na sani. Na ji lokacin da keken ya tsaya."

Sannan ya ce in ci gaba da ta gaba. Na ci gaba har azahar.

Allah Ya gafarta wa Baba, Ya haskaka makwancinsa, Ya karɓi tubansa da aikinsa. Ya ba Inna da Gwaggo da Baffa haƙuri. Ni kuma Ya yafe mini shirun da na yi a ranar da ya kamata in yi magana.